Daminar da Na Kife Tukunyar Giya

A shekarun da kuɗin mai suka fara yawo a ƙasar nan, ni matar aure ce mai 'ya'ya uku a wani ƙauyen Maguzawa da ke bayan Yankara. Ba yabon kai ba, duk yankinmu babu macen da ta kai ni iya dafa giya. In na jiƙa dawa, tun kafin tsiro ya bushe labari ya gama gari. Ga ni da baki, ga ni da jama'a, ƙofar ɗakina ba ta rabuwa da mutane. Ana nan sai wani mai bishara ya fara zuwa mana a kan keke daga Faskari. Ni da maigidana muka karɓi Almasihu, aka yi mana baftisma, na kwashe tukwanena na kife a bayan rumbu. Gaskiya a lokacin gani nake na yi wa Allah babbar kyauta, saura shi ya saka mini da zaman daɗi.

Ba a jima ba maigidana ya bi sauran maza zuwa Kaduna aikin gini, don kowa cewa yake kuɗi na can a zube. Ya ce kafin ruwan shuka zai dawo. Ruwa ya sauka, na yi shuka ni da yara, ba shi ba saƙonsa. Gonar ta fi ƙarfin mace ɗaya, kuma ita ce abincinmu na shekara. A wajenmu in noma ya fi ƙarfin mutum gayya yake kira, gayya kuwa ba ta yiwuwa sai da giya. Na bi gida-gida na sa rana, na ce za a sami tuwo da kunu isassu. Kowa ya ce Allah ya kai mu. Ranar na tuƙa tuwon da zai ƙosar da unguwa guda, na kai gona na zauna a gindin kaɗanya ina jira. Har rana ta take babu wanda ya leƙo. Na kwaso tuwona na dawo, muka yi ta cin ɗumame har yara suka tsane shi.

Da yamma matar wan mijina ta shigo, ta ce in daina wahalar da kaina. In ɗora tukunya sau ɗaya tak, gonar za ta cika da maza, in ya so daga baya in roƙi Yesun nawa gafara, tunda an ce ba ya ƙin yafewa. Ba zan ɓoye muku ba, sai da na ɗebo dawa na zuba a ruwa. Na tsaya a kanta ina kallo, daga ƙarshe na tsame na shanya ta bushe.

Daga nan na san abin da ake kira kaɗaici. An mai da mai bishara wani gari, 'yan Kiristocin da ke kusa duk sun tafi birni. Matan da ke cika ƙofata sai su gan ni a rijiya su yi shiru. Surukina, Baba, wanda ke riƙe da tsafin gidanmu, ya daina amsa gaisuwata. Kullum ni kaɗai a gona da fartanya, in na nome nan, can ciyawa ta tashi. Na yi fushi da Allah ƙwarai, kuma da ƙarfi nake gaya masa, tunda babu mai ji. Ina tambayarsa ko sakayyar ke nan. Da na gaji da faɗa sai na koma ba shi labari: tarin ƙaramar 'yata, ciwon bayana, tsoron da nake yi kada mijina ya manta da mu. Ban san ranar da abin ya juya ba. Na dai lura ina ɗokin gari ya waye in tafi gona mu ci gaba da hirarmu.

Kada mai karatu ya zata wani abin mamaki ya faru. Rabin gonar ciyawa ta cinye. Maigidana sai bayan kaka ya dawo, da rediyo a kafaɗa da aljihu wayam, kuma bazarar nan tafasa da rama suka riƙe mu. Amma ranar da nake ɗaure ɗan geron da na samu, Baba ya dogaro sanda ya zo ya tsaya. Ya ce shi ne ya hana kowa zuwa gayyata, don ya tabbata yunwa za ta mai da ni kan tukunya. Sannan ya ce duk daminar yana jiyo ni daga gonarsa ina magana ina dariya, yana so ya san da wa nake hira. Na durƙusa na gaya masa. Sai ya ce ko wane ne, ya fi ɗansa, wato mijina, sanin darajar mace.

'Yan'uwa, musamman ku da kuka shigo bangaskiya kwanan nan, kada ku shiga da tunanin ciniki kamar yadda na yi. Wanda ya ce muku bin Almasihu zai hana ciyawa fita a gonarku, ruɗinku yake. Lokacin da ƙofata ke cike da mutane, sunan Ubangiji kawai na sani. Shi kansa ban san shi ba sai a gonar nan, daminar da babu wanda ya zo.