Makulli a Jikin Ƙusa

Ni aikin wake ne ya kai ni Ƙanƙara. Wani ɗan ƙaramin ɗakin gwaji gare mu, inda muke auna maganin ƙwarin da ya rage a jikin hatsi bayan manoma sun adana shi. Ana kawo mana wake daga Mabai, masara daga Sheme, wani lokacin har Damari muke zuwa ɗebo dawa, mu dawo kowa na dafe da ƙugu. Akwai wata ƙurya da muke ajiye magunguna masu ƙarfi, makullinta kuma a hannuna yake, don ni ce mai haɗa su. Warin wurin ko da takunkumi sai ya iske ka.

Dokokin kare lafiyarmu daga babban ofis aka aiko da su, aka manna a bango. Wanda ya rubuta su, Allah ya saka masa, amma bai taɓa zama da Bahaushiya ba. Ɗaya daga cikin dokokin ta ce duk mai juna biyu ta je ta shaida wa shugaban wurin, sai a cire ta daga aikin ƙurya. Shugaban namu kuwa dattijo ne sa'ar babana, Malam muke ce masa, ko gaisuwa sai na rusuna.

Sai ga ni da cikin fari.

To, fisabilillahi, in je in ce masa me? Ko mahaifiyata ban iya gaya wa ba, da kanta ta gane ganin na tsani warin daddawa. Kuma na san abin da maganin nan kan yi wa ɗan da ke ciki, karantawa na yi, ba labari aka ba ni ba. Na ninka takunkumi, na ninka safar hannu, in zan shiga in riƙe numfashi kamar mai nutso a rafi. Na sha zuwa ƙofar ofishin Malam da niyyar magana, da ya ɗago ya ce, "Mi ya faru?" sai in ce sannu da aiki na zo yi. Tsoro nake ji ƙwarai, ga haushin dokar kamar in yage ta.

Ana nan Malam ya dawo daga wani taro da sabon ra'ayi, wai a sauke takardar bango, mu masu aikin mu zauna mu tsara namu dokokin. Aka shimfiɗa tabarma a gindin bedi, aka sayo gyaɗa. Wani ya kawo ƙarar babbar riga, ya ce ran Juma'a hannunta share kwalabe yake yi. Wani ya ce a daina zuba komai a buta in ba ruwa ba, don manomi in ya ga buta ba ya tambaya, alwala kawai zai fara. Aka tona asirin mai ɓoye zoɓo a firjin samfuri, aka yi ta dariya. Ni dai ɓare gyaɗa nake yi, ba na ci.

Sai Hajiya, babbarmu a mata, mai binciken ƙwari, ta gyara zama ta ce, "Malam, dokar masu juna biyun nan, tun da aka manna ta, mace nawa ta zo ta gaya maka?"

Ya ce, "Ko ɗaya."

"To bikin suna nawa ka je a gidajen ma'aikatan nan?"

Kowa ya kwashe da dariya, ban da Malam.

Hajiya ta ce a buga ƙusa a bayan ƙofa. Duk macen da ta rataye makullin ƙurya a nan ta fita daga aikin magani, babu tambaya, babu bayani. Wani abokin aikinmu mai son gardama ya ce ai malalata sun samu hanya ke nan. Ta ce masa, "Kai ma ran da ka yi ciki ka rataye." Duk zaman nan ba ta dubi inda nake ba, a nan na gane ta daɗe da sani.

Malam da kansa ya buga ƙusar. Washegari na riga kowa zuwa, na rataye makullin, na koma can nesa na duƙufa tsintar wake. Da ya shigo ya gani, ya cire ya sa aljihu. Na zaci wani zai miƙa wa. Ashe shi zai sa takunkumi, da furfurarsa da komai, ya shiga ƙuryar. Da ya fito ya bi ta gabana ya ce, "Sannu da aiki," ya wuce.

Haka ya riƙe aikin nan har na haihu lafiya, har na yaye ɗiyar. Bai taɓa yi mini zancen ba, ni ma ban taɓa yi masa ba. Wata safiya ya zo ya ajiye makullin a gabana ya ce, "Ga ajiyarki. A gaida mini mutuniyar."

Na sunkuyar da kai kamar ban san wa yake nufi ba, hawaye na ɗiga a kan waken Mabai.