Ƙafar Kawu Ba Ta Koyo Ba Ce

Shekarar da na ci jarrabawar shiga makarantar ma'aikatan lafiya a Dosso, kawuna ne ya hana ni tafiya. Hatsi yake sayarwa a Dogon Dutsi, kuma tun rasuwar mahaifina ba a yanke komai a gidanmu sai ya sa baki. Ko yankan wuƙa bai taɓa ɗaurewa ba, amma in ana zancen aikin asibiti sai ka rantse a ɗakinsa aka haifi aikin.

"Lakwal mi za ta koya maka?" in ji shi, yana nufin makaranta. "Takarda ce kawai. Tahi ka ga jini da idonka tukuna. Teran shi ne ilimi."

Wannan kalma ta teran, wato koyon aiki a bakin aiki, wurin wani ma'aikaci mai sayen gero ya tsince ta, kuma bai sake ajiye ta ba. Yana da aboki direban motar asibiti a wani ƙauye can bayan Sukukutane. Ya haɗa ni da shi, ya sa tela ya ɗinka mini farar riga har gwiwa.

Na koyi abubuwa, ba zan yi ƙarya ba. Na koyi rage iskar taya kafin a shiga rairayi. Na koyi haƙa da felu, da shimfiɗa ƙirare a ƙarƙashin mota in ta kafe. Na ƙware wajen raba gardamar dangi, don majinyaci ɗaya ake zuwa ɗauka, amma rabin gida ke son shiga, da tabarma da buta da tukunya. Akwai tsohuwar da ta zo da turmi. Majo, shugaban ɗakin shan maganin ƙauyen, bai taɓa barin in riƙe allura ba, kuma yana da gaskiya. Jini dai na gani kamar yadda kawu ya yi alkawari, tunda ni ke wanke shi daga cikin motar.

Farar rigar kuwa ta yi aikinta. Duk ƙauyen da muka tsaya, likita ake ce mini. Matan rugga na miƙo mini nono, tsofaffi na nuna mini ƙuraje. Daɗi nake ji, kuma tsoro nake ji. Kawu kuma ya cika kasuwa da zancen likitan gidansu.

Akwai wata yarinya ƴar Tibiri da muka ci jarrabawar tare. Ita ta tafi. Kawu ya raɗa mata ƴar takarda, yana cewa ko jinin kaza ta gani sai ta suma. Da shekara ta zagayo, makaranta ta aiko cewa in ban zo bayan girbi ba, gurbina ya tafi ke nan. Kawu ya ce in ƙara shekara. Mahaifiyata ba ta iya musu da yayanta, ni kuma sunan likita ya fara zama mini a jiki. Saura kaɗan in yarda.

Ana cikin haka aka turo ƴar takarda ɗakin shan maganinmu ta yi gwajin aiki na ɗan lokaci. A kakar nan ne kawu ya shigo ƙauyukanmu sayen gero, amalanke ta kife da shi, buhu ya danne masa ƙafa. Majo ba ya nan, sai muka tafi da ƴar takarda.

Muka tarar da shi kwance a gindin gawo, ƙafar ta karkace, yana ta salati. Na riga kowa dira daga mota. Hankalina ya tashi ganinsa haka, amma can ƙasan zuciyata ina cewa yau zai ga amfanin teran. Na durƙusa, na kai hannu.

"Ɗan nan, ɗauke hannunka," ya ce.

"Kawu, ni ne."

"Na san kai ne. Ƙahwata ba ta koyo ba ce. Kira min yarinyar can da ta yi lakwal."

"Ai ni ne mai teran."

"Teran ɗinka na san shi. Ba ni na kai ka ba?"

Gaban manoma ya faɗi haka, mutanen da jiya ke ce mini likita. Kunya ta rufe ni, takaici ya biyo bayanta. Yarinyar ta duba jijiyar ƙafar, ta ɗaure ta da katako, tana yi tana gaya mini inda zan riƙe. Na riƙe inda ta ce.

A hanyar komawa motar ta kafe cikin rairayi. Daga ciki na ji muryar kawu, duk da azabar da yake sha, yana ce wa direba kada ya damu, a wannan fannin babu kamar ɗan ƙanwarsa. Na tuɓe farar rigar, na ɗauki felu, na fitar da su.

Bayan girbi na tafi Dosso, ban nemi shawarar kowa ba. Kawu ya warke, da ɗan ɗingishi. Har yau yana gaya wa masu sayen gero cewa shi ya matsa mini sai na yi karatu. In ƙafar ta motsa masa da damina kuwa, Tibiri yake zuwa, wurin ƴar takarda.