Ɗigo Uku a Kofin Babakura

Zacharia Vandi ɗan manoma ne daga duwatsun Michika. Ya gama firamare a makarantar mishan, ya yi damina biyu yana noman gyaɗa da mahaifinsa, sannan a 1979 ya bi wani kawunsa zuwa Jos, inda aka ɗauke shi wanke kofuna a mashayar wani babban otel. Shugaban mashayar wani dattijo ne mutumin Kalaba, ana ce masa Mista Alex. Shi ya lura cewa wannan ɗan dutsen ba ya fasa kofi, kuma hancinsa na bambance kwalba da kwalba tun kafin ya duba takardar jikinta. Sai ya jawo shi bayan kanta, ya koya masa awo, da yadda ake juya ƙanƙara da dogon cokali, da yadda ake murza ɓawon lemo a bakin kofi. Ba ya barin ka haɗa abin sha sai ka faɗa masa daga ina ya fito da kuma su wa suka fara shan sa.

Shekara talatin da ɗaya Zacharia ya yi a bayan wannan kantar. Da ya ajiye aiki, matarsa Margret ta ce ita dai kusa da danginta na Kwaja take so, sai suka gina ɗan gida a Sabon Layi a Mubi. Ita ta kama gona a bakin rafi, shi kuma ya sa kafinta ya yi masa kabad mai gilashi, ya jera kayan aikinsa ciki. Shi kansa ba mashayi ba ne, kofi ɗaya ya ishe shi mako guda. Haɗawar yake so, da kallon fuskar mutum a kurɓar farko.

Kowace Lahadi bayan an taso daga coci, yakan fito da tebur ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa. Nehemiah, tsohon malamin makaranta, ba ya fashi, wasu biyu ko uku sukan zo su tafi. Zacharia yana haɗawa yana ba da labari. In giyar da ake kira jin ce da ruwan tonik, sai ya ce sojojin Ingila ne a Indiya aka tilasta wa shan kwinin saboda zazzaɓin sauro, ɗaci ya ishe su, suka riƙa zuba masa sukari da lemon tsami da jin. In kuwa wiski ne da sukari, wanda Turawa suka sa wa sunan tsohon yayi, sai ya ce dattawan Amurka ne suka gaji da sababbin haɗe-haɗe, suka riƙa cewa a yi musu irin na da. Akwai kuma wata 'yar kwalba da ya fi ji da ita, ta bitas, wani ruwa baƙi mai ɗaci da ƙamshi da ake ɗiga wa abin sha. Ya ce wani likita ne a Kudancin Amurka ya fara haɗa shi don sojoji masu ciwon ciki. Saiwoyi ne da ɓawon itatuwa, amma a cikin barasa mai ƙarfi ake jiƙa su.

A 2015, bayan mutane sun fara dawowa Mubi daga gudun hijira, wani ɗan kasuwa mai suna Babakura ya kama hayar gidan da ke jikin nasu. Daga Bama ya fito da matarsa Zenaba da 'yarsu Najwa, shagonsa na yadi ya ƙone ƙurmus, ƙannensa biyu ba a san inda suke ba. Mutum ne dogo, marar yawan magana. Wata Lahadi ya zo wucewa, Zacharia ya ce masa ya zauna ya huta.

"Na gode, maƙwabci, amma ni ba na shan irin naku," in ji Babakura.

"Akwai wanda ba na giya ba. Cafman sunansa, na ƙasarmu ne, an ce a wani kulob na Legas aka fara yin sa. Zauna ka gani."

Ya ɗauko babban kofi, ya cika da ƙanƙara, ya zuba lemon kwalba ja da fari, da jan ruwan zaƙi, ya yanka kokwamba da lemon tsami. Sai hannunsa ya kai ga 'yar kwalbar kamar yadda ya saba kaiwa sau dubbai, ya ɗiga uku. Ya riga ya miƙa kofin kafin ya tuna.

Babakura ya karɓa, ya dube shi. "Babu giya a ciki ko?"

Zacharia ya yi tunanin ɗigo uku a cikin kofin da ya kusa rabin lita. A otel kowa na kiran wannan abin sha na marasa shan giya. Ga kuma baƙo da ƙyar aka samu ya zauna.

"Babu, Malam Babakura," ya ce.

Babakura ya kurɓa, ya sake kurɓa. Can ya ce tun da ya baro Bama bai sa wani abu a baki ya ji daɗinsa ba sai yau. Ya zauna har kiran la'asar, har ya yi dariya sau ɗaya da Nehemiah ya ba da labarin ɗalibansa.

Mako na gaba Zacharia ya haɗa ba tare da bitas ba. Babakura ya sha rabi ya ajiye.

"Yau kam hannunka bai faɗa ba, maƙwabci. Zaƙi ne kawai."

A gaban Nehemiah ya faɗa, Nehemiah kuwa ya fashe da dariya ya ce tsufa ya fara kama gwanin Jos. Zacharia ya ji zafin maganar. Ya karɓi kofin ya ce bari ya ƙara ƙanƙara, ya shiga ɗaki, ya ɗiga ukun nan ya fito. Babakura ya kurɓa ya ce, "Yawwa, ga shi nan." In Zacharia yana ba wa kansa labarin daga baya, na farko yakan kira shi kuskure. Na biyun nan bai taɓa samo masa wani suna ba sai nasa na gaskiya.

A makon ya juye bitas ɗin a wata kwalbar magani marar takarda. Da Babakura ya tambayi mene ne a ciki, ya ce saiwoyi ne da ɓawon itace. Margret tana tsakar gida tana ɓarar wake, ta ji. Da baƙi suka watse ta kira mijinta da sunan 'yarsu, ta ce, "Baban Beauty, ka gaya wa mutumin nan."

"Ɗigo uku ne fa. Ko jariri ba zai ji shi ba."

"To in haka ne, me ya sa ka canja kwalba?"

Daga nan ba ta sake tayar da zancen ba, sai dai duk Lahadi in Babakura ya zo takan tashi ta shiga ciki.

Shekaru suka yi ta tafiya, abota ta yi ƙarfi. Babakura ya samu rumfa a kasuwar Mubi. Da Sallah Zenaba takan aiko da nama, da Kirsimeti Margret takan kai kaza Babakura ya yanka da hannunsa don kowa ya ci. Da ciwon hawan jini ya kayar da Zacharia a ƙofar gida, Babakura ne ya ɗauke shi a Keke Napep zuwa asibiti, ya wuni a kansa. Sau da yawa Zacharia yakan shirya maganar a ransa, ya ce yau zai faɗa. Sai Babakura ya iso da fara'arsa yana cewa "Ina nawa?", maganar ta koma ciki. Kowace shekara faɗar takan ƙara nauyi, don yanzu ba ɗigo ukun zai bayyana ba, shekarun shirun zai bayyana.

Mafi muni shi ne bikin Najwa. Babakura ya roƙe shi ya haɗa wa mata kula biyu manya, ya ce yana so dangin da suka zo daga Maiduguri su ɗanɗana abin maƙwabcinsa. Zacharia ya tsaya a kan kulolin da kwalbar a hannu ya daɗe. Ya san in ya bari, Babakura zai gane a kurɓar farko. Ya zuba. Daga baya ya tsaya a bakin zaure yana ganin ana shiga da kofuna, tsofaffi masu carbi suna sha suna sa masa albarka. Ranar bai iya cin abincin biki ba.

A 2024 Babakura ya samu kujerar Makka. Saura kwana huɗu su tashi, ya shigo gidan Zacharia da safe, ya zauna a kan tabarma, ya ce ya zo neman yafiya kamar yadda mai tafiya yake yi.

"Shekara tara muna tare. In na taɓa ɓata maka, da sani ko ba da sani ba, ka yafe mini."

Zacharia ya ce babu komai, Allah ya kai lafiya. Da Babakura ya fita, Zacharia ya ga Margret tsaye a ƙofar kicin tana kallonsa.

Washegari da hantsi ya ɗauki tsohuwar kwalbar mai takarda, wadda ya ɓoye a bayan kabad, ya tafi kasuwa. Ya tarar da Babakura shi kaɗai yana naɗe yadi. Ya ajiye kwalbar a kan benci, ya nuna masa lambar da ke jikin takardar da yatsa.

"Wannan shi ne abin da nake ɗiga maka. Kusan rabinsa barasa ne. Na sani tun ranar farko."

Babakura ya ɗauki kwalbar, ya juya ta, ya ajiye. Ya goge yatsunsa a jikin rigarsa.

"Tun ranar farko?"

"Tun ranar."

"Na bikin Najwa fa?"

"Har shi."

Wani mai saye ya leƙo, Babakura ya ce masa ya dawo an jima. Sannan ya juyo ga Zacharia.

"Abin da na sha ban sani ba, wannan tsakanina da Ubangijina ne, kuma Shi mai rahama ne," ya ce a hankali. "Amma Zacharia, na tambaye ka. Da bakina na tambaye ka. Kuma ni na ɗauki kofi na miƙa wa gwaggona, mai shekara tamanin, na ce ta sha, na maƙwabcina ne, na yarda da shi."

Zacharia ya ce, "Ka yafe mini."

"Ka bar ni tukuna. Ɗauki kwalbarka."

Ya tafi Makka bai sake leƙo gidan ba. Makonnin nan Zacharia bai fito da tebur ba. Nehemiah ya zo ya ji labari, ya ce ai abin bai kai a ɗaga hankali ba, Zacharia ya ce masa ba shi aka tambaya ba, don haka ba zai gane ba. Ya koma bin Margret gona. Da yamma yakan zauna a kicin yana dafa namijin goro da kanumfari da citta da ɓawon lemo a ruwa zalla, yana neman ɗacin da zai maye gurbin na kwalbar. Sai a gwaji na goma sha wani abu ya samu wanda ya yarda da shi.

Da alhazai suka dawo, Babakura ya aiko Zenaba da dabino da hula. Bayan kwana biyu shi ma ya zo, ya tsaya a ƙofar gida, ya ce ya yi masa addu'a a can, kuma ya yafe. Zacharia ya yi godiya, ya gaya masa sabon haɗin da ya yi, ya ce in yana so a dafa a gabansa ya gani.

"Allah ya sa albarka," in ji Alhaji Babakura. "Amma bari dai."

Har yanzu suna maƙwabtaka. Suna gaisawa kullum, ana aiko da naman Sallah, kuma in ɗaya ya kwanta ciwo ɗayan na zuwa dubiya. Sabon haɗin Zacharia ya karɓu, ana kiransa bukukuwan Musulmi da na Kirista har garin Uba, kuma duk inda ya je sai ya jera kayan haɗin a fili ya faɗi sunan kowanne, ko ba a tambaye shi ba. Alhaji Babakura yakan zauna a ƙarƙashin darbejiyar wata Lahadin, ya saurari labarai, ya yi dariya in abin dariya ne. Yakan zo da ruwansa na leda a aljihu.