Tsohuwar Bindigar Sajan

Harsashi uku na harba, ko ɗaya bai taɓa gwangwanin ba. Lokacin ina sabon ɗan sanda a Yelwa, farkon kafa jihar Kebbi, ana gwada mu harbi a bakin ruwa. Wanda ya faɗi, sai gadin ƙofa.

Ƙaramar bindiga mara nauyi na zaɓa, ita kuwa duk harbi sai ta zabura sama.

Sajan mai gwada mu ya miƙo mini wata tsohuwa.

Na ce, "Oga, wagga ta yi nauyi."

Ya ce, "Nauyin ne ke hana ta tsalle. Riƙe ka ji yadda mariƙinta ya cika tafinka."

Na ja kunama, gwangwani ya tashi. Na sake, na samu. Masunta da ke ɗinkin komar kamun kifi a bayanmu suka ɗauki tafi.

Ranar murna ta hana ni cin abinci.

'Yan uwa masu kaki, ku wacce ta zauna muku a hannu?