Inna Talatu, Shugabar Matan da Ta Ƙi Shiga Layi

Kafin masunta su gama jawo jiragensu bakin gaɓa, Inna Talatu ta riga ta hura wutar banda. Da ta idar da sallar asuba sai ta ɗaura tsohon zane, ta zauna kan kujera 'yar tsugunne, ta fara feɗe tarwaɗa da karfasa tana jerawa bisa waya. Hayaƙin kan sa idonta ruwa, amma bakinta ba ya hutawa, domin a nan mata ke samunta. Wannan ta zo katinta na zaɓe ya ɓace. Waccan mijinta ya hana ta zuwa taro. Wata kuma tambaya ce kawai ta kawo ta, wai me ya sa kansila bai sake leƙo su ba tun da aka rantsar da shi. Da hantsi ya yi sai ta wanke hannu da toka da sabulu, ta sauya mayafi, ta taka zuwa wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya da tutar da rana ta cinye launinta. Nan ne ofishin jam'iyyarsu a wannan mazaɓa ta bakin ruwa da ke ƙasar Ngaski, kuma shekara ashirin da huɗu ita ce shugabar mata a cikinsa. A watan jiya ta sauka.

Ba ta yi makarantar boko tana yarinya ba. Da girmanta ta shiga ajin yaƙi da jahilci a Wara, kuma littafin farko da ta dage sai ta fahimta shi ne kundin dokokin jam'iyya. Takan ce wa mata, "An ba ku kati ne don ku yi magana, ba don ku yi guɗa kaɗai ba. Wanda za shi tsaya muku takara, ku ne za ku fid da shi. Abin da za shi yi muku in ya hau, ku ne za ku faɗa masa tun bai hau ba." Kafin kowane zaɓe takan shiga kwalekwale ta bi tunga-tunga, ta zauna da matan masunta da na manoma, ta hau tudu ta shiga rugage, ta dawo da buƙatun mutane a ka ta zazzage su gaban shugabannin mazaɓa.

Abin da ya sa sunanta ya fita shi ne zaɓen fidda gwani na kujerar kansila, shekarun baya. A lokacin gonaki sun cinye burtalin da shanu ke bi su sha ruwa a tafki, manoma da makiyaya har sun daina gaisawa a kasuwa. Mutum biyu suka nemi tikitin jam'iyya. Ɗaya Modibbo Hafizu ne, makiyayi mai sanyin baki wanda ɓangarorin biyu ke kai wa ƙara. Ɗayan Auwalu ne, matashi ɗan kasuwa, ɗan ƙanen Alhaji Basiru, wanda shi ne shugaban jam'iyyar na ƙaramar hukuma a wancan zamani.

Ana saura kwana uku, Alhaji Basiru ya zo da motarsa har bakin banda. Bayan doguwar gaisuwa ya fito da takarda.

"Inna, manya sun zauna. An yi maslaha, Auwalu ne ɗan takara. Kowa ya sa hannu, naki kaɗai ya rage. Kuma kujerar shugabar mata ta ƙaramar hukuma tana nan ba kowa, ke nake tunani."

Ta goge hannunta a zane, ta karɓi takardar, ta daɗe tana bin ta da yatsa.

"Ranka ya daɗe, maslahar nan da wa anka yi ta? Ban ga hannun Modibbo ba."

"Za a yi masa bayani daga baya."

"To littafinmu ya ce ba maslaha sai masu nema duk sun yarda. Bari in je in ji daga bakinsa. In ya janye, ni ce ta farko da zan yi wa Auwalu guɗa."

Alhaji ya naɗe takardarsa ya tafi ba sallama. Ta san abin da ta jawo wa kanta. Kujerar da aka ambata ta tafi ke nan, tata ma ta mazaɓa tana iya binta. 'Yarta Suwaiba ta ce da ita, "Inna, mutanen nan sun fi ƙarfinki." Inna ta ce, "Sun fi ƙarfina ni kaɗai."

Ta hau babur ɗan kabu-kabu ta je ruga. Modibbo ya ce ko labarin maslahar bai ji ba. Daga nan ta sauka bakin ruwa, kwana biyu tana yawo a jirgi, rana na dukanta, tana faɗa wa duk mai kati cewa ranar Asabar da hantsi a filin firamare za a fid da ɗan takara, kuma ƙato bayan ƙato za a yi. Ba ta ce wa kowa ya bi Modibbo ba. Cewa kawai take yi, "Ku zo ku tsaya bayan wanda kuke so."

Ranar Asabar Alhaji Basiru ya iso yana tsammanin benci biyu na shugabanni, sai ya tarar filin ya cika har bakin katanga. Mata da goyo, masunta da ƙafafu jiƙe, Fulani sun jingina da sandunansu, kowa da kati a hannu. Wakilin da uwar jam'iyya ta turo daga jiha ya dubi taron, ya dubi Alhaji, ya ce a ja layi. Aka ja. Layin Modibbo ya miƙe har ya zagaya bayan azuzuwa.

Abin da ta yi bayan haka shi ne wanda mutane suka fi tunawa. Ana cikin murna ta sulale ta bi Auwalu gida, ta same shi zaune ya haɗa kai da gwiwa.

"Ɗana, tashi. Yau ka faɗi, amma mutum ɗari da wani abu sun tsaya bayanka a rana. Waɗannan mutane namu ne, kuma kai suke ji. In ka yi fushi ka fita, Modibbo ba shi kai labari."

Auwalu ya tashi. Shi ya jagoranci yaƙin neman zaɓen Modibbo, suka ci, kafin damina ta biyu aka zauna da masu gari aka buɗe burtalin. Alhaji Basiru ya yi shekara guda ba ya amsa gaisuwarta, kujerar ƙaramar hukuma kuma aka ba wata. Daga baya shi da kansa ya riƙa aiko mata da shugabannin wasu mazaɓu su ga yadda take tara mutane.

Ke ce, Inna, wadda aka nuna wa kujera babba kika zaɓi ki zauna kan ƙarama da mutuncinki. Uwar masu kati, mai kai maganar tunga cikin gari.

Ba kullum suke ci ba. Akwai zaɓen da jam'iyyarta ta sha ƙasa a rumfar da ke ƙofar gidanta ma. Da la'asar, malaman zaɓe suka ƙirga ƙuri'u a gaban kowa, sai wasu samarin jam'iyyarta suka taso wa Emmanuel, wani tela da ke wakiltar ɗaya jam'iyyar a rumfar, suna cewa maguɗi aka yi. Emmanuel ya ba ni labarin da bakinsa. Ya ce ya riga ya saddaƙar za a fasa masa kai, sai ya ga tsohuwa ta shiga tsakaninsa da su ta ware mayafi.

"Ina tsaye anka ƙirga, da idona na gani. Ba wanda ya sace mana komai. Mutane ne sunka ƙi mu. Ku koma gida mu tambayi kanmu dalili."

Ta sa wakilinsu ya sa hannu a takardar sakamako, ta raka Emmanuel har shagonsa. Amma kada a ɗauka ta ƙyale su ne. Waɗanda suka ci sun yi alƙawarin yi wa kasuwar kifi rufin kwano, don haka kowace ranar kasuwa sai ta tsaya a shagon Emmanuel ta ce, "Maƙwabci, ina rufinmu?" Daga nan ta wuce wurin sabon kansila ta maimaita. Emmanuel yana dariya ya ce mini, "Adawar Inna ta fi ta rediyo zafi. Da aka kawo kwanon, ni na fi kowa hutawa." Ranar da aka buɗe rumfunan ta je ta yi wa abokan hamayya godiya a bainar jama'a, sannan ta tuna musu saura rijiya.

A watan jiya aka yi taron sabunta shugabannin mazaɓa, ta ce gwiwoyinta sun gaji da hawa jirgi. Mata biyu suka fito neman kujerarta. Ɗaya Hamdiyya, malamar firamare. Ɗayar kuwa Suwaiba ce, 'yar cikinta. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Da aka ce a ja layi, mata suka yi cirko-cirko suna jiran su ga inda Inna za ta tsaya. Sai ta ja tabarmarta zuwa gindin mangwaro ta zauna, ta juya wa filin baya, ta ciro goro tana ɓarewa. Da suka ga ba ta da niyyar tashi, kowace ta bi ranta. Hamdiyya ta yi nasara da mutum tara.

Suwaiba ta zo ta durƙusa gabanta, idonta cike da ƙwalla.

"Inna, da kin tsaya bayana da na ci."

"Na sani, ɗiyata. Rabin layin Hamdiyya da ya dawo naki, amma don kunyata, ba don ke ba. Wanga layi da kika samu yau naki ne, ba wanda ya ba ki aro. Ki riƙe shi da kyau, wani taron na zuwa."

Suwaiba ta share fuska da bakin mayafi. Sannan ta miƙe ta ratsa filin, ta kama hannun Hamdiyya ta ɗaga sama. Guɗa ta tashi ta ko'ina. Aka kawo kalangu ba wanda ya shirya, Modibbo ya aiko da ƙwaryar nono da fura, Auwalu ya zo, Emmanuel ma ya rufe shago ya zo da sabon mayafin da ya yi mata aiki a baki, duk da har yau ba jam'iyyarsu ɗaya ba. Aka ta da Inna, ta taka rawa kaɗan tana dafe da gwiwa tana dariya.

Inna Talatu, ba a taɓa buga hotonki a fasta ba, ba a taɓa kiran sunanki a kan mumbarin kamfe a Yelwa ko Birnin Kebbi ba. Amma mu da muka ga aikinki mun san a hannun irinku jam'iyya take rayuwa ko ta mutu. Mun gode. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya sa ki daɗe kina ganin abin da kika shuka.

Ku kuma da kuke da katin jam'iyya a aljihu, ko wace jam'iyya ce, kada ku jira sai ranar babban zaɓe. In an kira taron mazaɓa ku je. In an kawo muku takarda ku karanta kafin ku sa hannu. In kun ci ku jawo wanda ya faɗi, in kun faɗi ku amince, sannan ku riƙa bibiyar alƙawari. Wanda bai san ta inda zai fara ba, Inna tana nan da ranta a bakin ruwa, kuma ba ta taɓa korar mai tambaya ba.