Ranar da Inji Ya Bugi Safara'u

A Jabo, idan baƙo ya tambayi gidan Safara'u, ba a yi masa dogon kwatance. Ce masa ake ya bi ƙarar inji. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana niƙa wa mutanen unguwa gero da dawa da wake, har garin ya bi ya zauna mata a gashin ido, ko ta yi wanka sai ka ga burbushinsa.

Mijinta, Malam Abdulkarimu, shi ya sayo injin daga Tambuwal ya kafa a zaure. Shekara uku ya yi yana aiki da shi, Allah ya yi masa rasuwa. Da aka gama zaman makoki dangi suka ce a sayar, don ba aikin mace ba ne. Safara'u ta ce ta ji, ta gode. Bayan ta fita takaba sai ta sa aka cicciɓo injin aka shigo da shi cikin gida, aka dasa a ƙarƙashin rumfar kwano, ta koyi tada shi da kanta. Tsohon inji ne mai shan gas, sai an zura masa wani ƙarfe mai lanƙwasa an yi ta juyawa kafin ya kama. Da shi ta rene 'ya'yanta biyar. Shi kuma ya koya mata ɗaga murya, domin wanda ya wuni yana magana a kan ƙarar inji ba ya iya raɗa. Ko gaisuwa take yi, sai maƙwabta na uku sun amsa.

Abin ya faru ne wata Talata bayan kaka, da hantsi. Ana shirin biki a unguwa, kwanuka sun yi layi har bakin rijiya, inji kuwa ya ƙi tashi. Ta juya ƙarfen sau ɗaya, ya yi tari ya mutu. Ta sake, haka nan. A na uku ta duƙa sosai ta sa duk ƙarfinta. Injin ya kama, sai ya mayar da ƙarfen baya. Ita dai ta ji wani ƙas a cikin kanta, ta kuma tsinci kanta zaune a ƙasa, mata suna salati a kanta.

Jini ya cika mata baki. Ta kai harshe gaba ta ji wuri wayam, haƙorin sama ɗaya babu. Abin da ya fi tsorata ta shi ne da ta yi ƙoƙarin rufe baki, haƙoran sama da na ƙasa suka ƙi haɗuwa yadda ta san su. Ta so ta ce a kashe inji, magana ta ƙi fita.

Allah ya sa Ummu tana gida. Ummu 'yar maƙwabta ce, tana aiki a ƙaramin asibitin garin, ranar kuma hutunta ne. Ta shigo da gudu, ta ture mata ta durƙusa.

"Ku ba ta iska! Inna, kada ki kwanta. Zauna ki duƙa gaba, jinin ya zuba waje, kada ki haɗiye."

Ta danna tsumma mai tsabta a leɓen da ya tsage, ta leƙa bakin, sannan ta ɗago. "Ina haƙorin? Ku duba mini ƙasa."

Wata tsohuwa ce ta tsinto shi a cikin dusa. Har ta kama bakin zane za ta goge shi.

"A'a, Iya, kada ki goge! Miƙo nan. Ta kai ake riƙe shi, ba a taɓa saiwar. Wa ke da madara?"

Aka kawo nono. Ta ce ba shi ba, ya yi tsami, madara take so wadda aka tatso yau. Aka ruga gidan da ke da shanu aka samo rabin kofi. Ta ɗauraye haƙorin a ciki a hankali, ta juye sauran madarar a 'yar kwalba, ta jefa shi ta rufe. Mata suna kallonta kamar ta zautu.

"Wanga haƙori da ya fita, mi za a yi da shi kuma?" in ji tsohuwar.

"Mayar da shi za a yi, in mun yi sauri."

Ta cire kallabinta ta ɗaure wa Safara'u haɓa, ta zagayo da shi ta tsakar kai, don muƙamuƙin ya daina motsi. Ana cikin haka Sirajo ya iso, ƙanen marigayi, dattijo mai son a ji tasa. Ya dubi yadda fuskar ta karkace ya ce karaya ce, akwai mai ɗori a Dogon Daji da ya ɗora masa ƙafa, can za a kai ta.

Ummu ta rusuna. "Baba, ƙafa daban, baki daban. Nan sai an ɗauki hoto an ga ƙashin. In ya haɗe a karkace, ba ta sake tauna daidai."

Sirajo ya buɗe baki zai ƙara, sai Safara'u ta ɗaga hannu ta dafa kafaɗar Ummu. Kowa ya gane asibiti ta zaɓa. Rufa'i, ɗanta na biyu, mai sana'ar kabu-kabu, ya riga ya iso da babur. Aka sa ta a tsakiya, Ummu a baya, hannu ɗaya ta tallabe mata kai, ɗaya ta riƙe kwalba.

Duk ramin da suka faɗa a hanyar Tambuwal sai Safara'u ta ji shi a kunne. Ba zafin ne kawai ke cin ta ba. Tunani take yi ko haka za ta ƙare, fuska a murɗe, jikoki suna gudunta.

Likitan haƙorin da suka tarar, Abdulhakeem, mutum ne marar gaggawar magana, amma hannunsa da sauri. Abin da ya fara tambaya shi ne tun yaushe haƙorin ya fita. Ummu ta ce bai kai awa ɗaya ba, ta miƙa kwalbar. Ya ɗaga ta ya duba, ya ce, "Wanda ya yi wannan ya yi rabin aikin."

Ya yi wa Safara'u allurar kashe zafi a dasashi, ya wanke ramin, ya zura haƙorin ya danna a hankali har ya zauna, ya ɗaure shi da na kusa da shi da siririyar waya. Ya yi wa leɓen ɗinki huɗu. Aka yi mata allurar da ake yi wa wanda ƙarfe ya ji wa ciwo, aka ba ta maganin hana ruɓa, sannan aka ɗauki hoto.

Ya ɗaga hoton a haske ya nuna wa Rufa'i wani siririn layi a gefen hagu. "Ƙashin muƙamuƙi ya tsage, amma wuri ɗaya ne, kuma bai goce da yawa ba. Zan rubuta muku takarda zuwa Sakkwato, can za a ɗaure shi." Ya juyo gare ta. "Inna, na ga idonki. Fuskarki za ta koma yadda take. Kumburi ne ya fi yawa a abin da kike ji."

Sai a lokacin hawaye suka zubo mata. Tun da abin ya faru ba ta yi kuka ba.

Washegari a babban asibitin Sakkwato aka daidaita ƙashin, aka ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya, baki ya rufe gam. Aka ce mako shida. Aka ba Rufa'i wani ɗan almakashi, aka ce kada ya yi nisa da ita, in amai ya taso a yanke wayar nan take. Safara'u ta sa masa igiya ta rataya a wuya kamar laya.

Makonnin nan shida ba ta taɓa ganin masu tsawonsu ba. Abinci sai wanda zai bi ta ɗan bututun roba: kunu tatacce, romon kaza, fura da aka dama ta yi ruwa-ruwa. Nasiha, matar Rufa'i, ita ke tacewa sau biyar a rana, ita ke haɗa mata ruwan ɗumi da gishiri na kurkure baki. Safara'u ta rame har zoben hannunta ya riƙa zamewa. Magana kuwa ta tsakanin haƙora take fita, ciki-ciki, sai an matso. Maƙwabta suka ce unguwa ta yi shiru kamar an yi ƙaura.

Abin da ya dame ta ƙwarai shi ne salla. Ta aika aka tambayi liman ko karatun wanda ba ya iya buɗe baki ya yi. Liman ya aiko cewa ta motsa harshe gwargwadon iko, Allah ya san halin da take ciki. Ranar ta sha kunu kofi biyu.

Inji bai tsaya ba. Makanike ya zo ya gano abin da ya sa yake mayar da ƙarfe, ya gyara. Rufa'i ke tada shi da safe kafin ya fita, Nasiha ke zuba hatsi. Safara'u tana zaune a tabarma, idan gari ya fito da tsaki sai ta buga kwano da ludayi. Sirajo ma yakan leƙo kullum bayan la'asar, ya zauna ya yi ta ba ta labari, tun da ya samu ranar da ba za ta katse shi ba.

Ranar cire waya ta riga kowa shiri. Likitar da ta karɓe su a Sakkwato ta yi ta warware wayoyin ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "To, Inna, buɗe."

Ta buɗe. Bakin ya tsaya, da ƙyar yatsa ɗaya zai shiga.

"Abin da nika gudu ke nan," ta ce. "Ya ƙage."

Likitar ta yi murmushi. "Bai ƙage ba, hutu ya yi da yawa. Ko hannu aka ɗaure mako shida haka zai yi. Kullum ki riƙa buɗewa kina rufewa, zai saki. Cije mu gani."

Ta cije. Haƙoran sama suka sauka a kan na ƙasa, kowanne a mazauninsa. Ta sake cijewa, ta kuma sakewa, don daɗin jin sun haɗu. Likitar ta taɓa haƙorin da aka mayar, ta girgiza shi, bai motsa ba. Ta ce ya kama, sai dai ta ci gaba da zuwa wurin likitan Tambuwal ya ƙarasa aikin cikin saiwar, kuma ya ɗan fi sauran duhu, kada ta damu. Nama da rake a ba su wata guda tukuna.

"Alhamdu lillahi," in ji Safara'u, da ƙarfin da ya sa wani mutum a layin waje ya leƙo.

A tasha, suna jiran mota ta cika, ƙamshin ƙosai ya bugo ta. Ta aiki Rufa'i ya sayo. Ta gutsuri ɗan ƙanƙane, ta tura ta gefen dama, ta yi ta taunawa a hankali, ido rufe. Rufa'i ya tsaya yana kallonta, ya ƙi zama.

"Inna, lafiya dai? Da zafi?"

Ta haɗiye, ta buɗe ido, ta dubi ƙosan da ke hannunta.

"Babu zafi. Amma wanga wake bai niƙu ba. Miƙo mini wani."