Barcin La'asar

Ni ba mai ɗaga ido a gaban suruka ba ce, haka aka rene mu. Amma shekarar da maigidana ya kama aiki a wani gidan burodi a Sabon Gari, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai, na gane kunya ma tana da inda take tsayawa.

Aikin na dare ne. Yana fita bayan isha'i, ya kwana yana kwaɓa fulawa da zuba burodi a tanda, ya dawo gidanmu na Fagge bayan asuba, gari har a gira. To wa zai yi barcin safe a Fagge? Ga daka, ga 'yan talla, ga masu sallama da shi a zaure, kuma a lokacin namijin da aka ce yana kwance da hantsi abin dariya ne. Sai bayan azahar gidan ke yin tsit, barcin kirki ya ɗauke shi. Da an kira la'asar kuwa, Inna, mahaifiyarsa, za ta tsaya a bakin ƙofa tana ƙwanƙwasa kwano da ludayi. Tashin salla ban ƙi ba. Abin da ke ci mini rai shi ne hana shi komawa ya kwanta. Barcin la'asar, in ji ta, hauka yake kawowa. Shi ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta shiga ɗakinsa, ba ta ma kallon fuskarsa. Sai dai ta ce wa iska, "A gaya wa wancan yaron ya fito waje."

A hankali mutum ya fara sauyawa. Wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya koma yin faɗa don an gusar masa da buta. Yana salla ya manta raka'a nawa ya yi. Ya ɗauki loma ya tsaya, ido a buɗe, amma shi ba ya nan. Ran nan ya ce mini tabarmar ɗakin tana motsi. Da Inna ta ji sai ta ce, "Kin gani ko? Barcin ranar nan ne." Ta aika aka karɓo rubutu, ta kuma ƙara saurin zuwa da kwanonta. Ni dai na san ba aljanu ba ne, domin haka na riƙa ji a kaina lokacin da jaririna ya yi ta kwana kuka.

Wata ranar Laraba matar mai gidan burodin ta zo har gida. Bayarabiya ce, Hausa a bakinta kamar a Fagge aka yanke mata cibiya. Ta ja ni gefe ta tambaye ni ko na ga hannunsa. Na ce na ga ya ɗaure shi da tsumma, ya ce mini tire mai zafi ne ya taɓa shi.

"Wane irin tire?" ta ce. "Barci ya kwashe shi a tsaye a bakin tanda, da rigarsa aka fizgo shi. Me kuke yi masa a gidan nan?"

Wallahi raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni. Na ce a zuciyata, ba zan zauna ina sunkuyar da kai har a kawo mini shi a ƙone ba.

Washegari ya idar da la'asar, na ce masa ya koma ya kwanta, sauran maganar tawa ce. Bai ko yi gardama ba, kansa na taɓa matashi barci ya tafi da shi. Na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar na zauna da jaririna a cinya. Ba a jima ba sai ga Inna da kwano. Na durƙusa.

"Inna, ki yi haƙuri, yau ba zai fito ba."

"Ke kika haife shi?"

"A'a, ke ce. Shi ya sa nake roƙonki ki leƙa ki gan shi."

Na ɗaga labule ban jira izini ba. Ta kau da kai, na ƙi saki. Hannuna ya gaji, ban sauke ba, har dai ta juyo. Yana kwance baki a buɗe, ƙwayar idonsa na kai-komo a ƙarƙashin fata, yatsunsa na motsi kamar mai kwaɓa fulawa.

"Innalillahi," ta ce, "ga su nan sun shige shi."

Na miƙa mata jikanta, shi ma barci yake, idonsa na wannan kai-komon. "Wannan fa, Inna? Ke kika ce mini in jariri na yin haka mafarki yake, kada in kuskura in tashe shi."

Ta dubi ƙaramin, ta dubi babban. Sannan idonta ya sauka a kan hannun nan da tsumman ya zame daga kai, ƙunar ta yi ja daga wuyan hannu har gwiwa. Ba ta ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba. Ta mayar mini da yaron, ta ɗauki kwanonta a hankali yadda ludayin ba zai yi ƙara ba, ta wuce ɗakinta.

Kashegari ta tashe shi salla kamar kullum. Da ya idar ya koma ɗaki, na saurari kwanon, ban ji ba. Can sai ga wata mai tallar gyaɗa ta shigo tana kwarara kira. Ina madafa na ji Inna ta tare ta tun daga zaure.

"Ke, rage murya. Ɗana yana barci."

Tun da na shigo gidan, ranar na fara jin ta ce ɗana.